Yadda ake rarrabe ƙananan halittu a maikiroskof, daga shafi zuwa rubuta sakamako

Ɗaliban kimiyyar gwajin asibiti da waɗanda aka tura sanin makamar aiki sun yi ta turo tambaya iri ɗaya: an ɗora gilashi, an leƙa, an ga ɗige-ɗige da 'yan sanduna, to ta ina za a san wane ne wane? Ga aikin nan daki-daki. Sai dai a riƙe wannan tun yanzu: abin da madubi, wato maikiroskof, ke nunawa siffa ce, da girma, da yadda halittun suka jeru, da launin da suka karɓa. Waɗannan suna kai mutum ga dangi, ba kasafai suke kai shi ga cikakken suna ba. Kuma yawancin sakamakon da ke fita a karkace, tun wajen shafi da rini suka lalace, ido bai ma kai kansu ba.

1. Haɗa kayan aiki

Kana buƙatar maikiroskof mai lensi 10 da 40 da 100. Lensin ido yana ninkawa sau 10, saboda haka na 100 ɗin yana ba ka ninki 1,000, kuma da shi ake tantance siffar bakteriya. Iyakar madubi mai aiki da haske ita ce kusan maikiromita 0.2 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita). Abin da ya gaza haka ba ya fitowa, don haka kada ka ɓata lokaci neman bairos na ƙyanda ko na shan-inna.

Sai gilasan shafi, da murfin gilashi, da man lensi, da takardar goge lensi, da wayar ɗaukar samfur, da fitilar sifirit, da fensir, da kwalbar ruwa mai matsewa, da agogo mai nuna daƙiƙa, da safar hannu, da bokiti mai ruwan bilic na jefa abin da aka gama da shi. A ɓangaren rini akwai saitin Gram mai kwalabe huɗu, da ruwan gishiri mai kashi 0.85, da aidin na Lugol, da metanol, da KOH (fotasiyam haidroksaid, sinadari mai narkar da fata) kashi 10. Wanda zai duba kaki ko jini sai ya ƙara da saitin ZN (Ziehl-Neelsen, rinin ƙwayar tarin fuka) da Giemsa (rinin jini).

Madubin ne ke cin kuɗi, kuma farashinsa dala yake bi, don haka a taya a shago biyu ko uku kafin a saya. Irin Olympus CX23 ya yi suna a ɗakunan gwaji, amma na hannu mai lafiya ma yana aiki. Idan na hannu za ka saya, tafi da gilashin da aka riga aka rina ka gwada lensin 100 a gaban mai kaya. Shi ne ya fi tsada, shi ne kuma ya fi shan wahala a hannun mutane. Mai fitilar LED da batir ya fi dacewa da mu, ganin yadda ake ɗauke wuta. Gilasai kwali-kwali suke zuwa, mai 50 ko mai 72, ba su da wani tsada. Rini kuwa sayi ƙananan kwalabe, domin aidin yana sanyi idan ya daɗe, musamman a kwalbar da haske ke ratsawa.

Hattara: kada rowa ta sa ka maye man lensi da wani mai. An haɗa shi ne ya riƙa karya haske daidai da yadda gilashi ke yi. Wani man daban zai dusashe hoton, ya kuma daskare a bakin lensi.

2. Samfurin ne ke zaɓar hanya

Mugunya, da ruwan ƙashin baya, da fitsari, da abin da ya tsiro a farantin shuka (farantin da ake raino ƙwayoyin cuta a kai), rinin Gram ake yi musu. Kakin mai tarin da ya haura mako biyu, ZN. Bayan gida da lakar fitsari da ruwan gaban mace, ɗanyen shiri ne ba tare da busarwa ba. Kankaren fata da farce da gashi, KOH. Jini, Giemsa. Samfur ɗaya yana iya bin hanya biyu.

Rubuta lamba da fensir a gefen gilashin mai kaushi kafin ka taɓa samfur. Tawadar biro da ta maka ba sa jure barasa. Tana zuba a kai lambar ta tafi, ka tsaya da gilasai biyar ba ka san na wa da wa ba.

3. Saita madubin

Kullum da lensin 10 ake farawa. Ɗaga dandalin kana kallo ta gefe, sannan ka sa ido ka riƙa saukar da shi a hankali har hoto ya fito. Daga nan ka juya zuwa 40, kuma daga wannan lokaci ƙaramin mariƙi kawai za ka taɓa. Babban mariƙi a lensin 100 shi ne ke fasa gilashi.

Haske yana da nasa lissafi. Ga abin da ba a rina ba, tsuke ƙofar hasken da ke ƙarƙashin dandali, in ba haka ba halittun su ɓace cikin fari fat. Ga abin da aka rina kuwa, ɗaga matattarar hasken sama, buɗe ƙofar sosai.

Hattara: da zarar ka ɗiga mai, kada ka koma lensin 40. Ba a yi shi don mai ba, kuma idan ya shiga cikinsa, duk wanda ya zo bayanka hazo zai yi ta gani.

4. Ɗanyen shiri: duba su suna raye

Ɗiga ruwan gishiri a gefe ɗaya na gilashi, aidin a ɗaya gefen. Ɗauki bayan gida gwargwadon kan ashana ka dama a kowanne, ka jingina murfi ka sake shi a hankali don kada iska ta shiga. Kaurin da ake so shi ne wanda idan ka ɗora gilashin a kan jarida za ka iya karanta rubutun. Zawo mai ruwa ko mai jini a duba shi cikin minti 30, domin masu motsi suna daina motsi idan ya huce, kuma a zafin bazara gilashin kansa ba ya daɗewa ya bushe.

Motsi iri uku ne, kuma nan sababbi ke ruɗewa. Idan komai yana tafiya ɓangare ɗaya, ruwa ne ke kwarara ƙarƙashin murfi. Idan abu yana karkarwa a inda yake bai gusa ba, ƙwayoyin ruwa ne ke bugunsa, matacce ma yana yin haka. Motsi na gaskiya shi ne ka ga ɗaya ta bar wurinta ta nufi wani waje, wata kuma ta yi nata waje. Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, tana tsallake fili, wato da'irar da ido ke gani a madubi, da gudu fiye da yadda ido zai bi ta. Trichomonas fizga-fizga take yi. Giardia tana juyi tana gangarawa. Amiba kuwa miƙa wani sashe na jikinta take yi ta bi shi, kuma idan ka ga jajayen ƙwayoyin jini a cikinta, wannan babbar alama ce ta Entamoeba histolytica.

A ɓangaren aidin ake ƙirga cibiyoyin da ke cikin ƙullutun amiba, wato siffar da take komawa idan ta dunƙule cikin ɓawo ta daina motsi. Na histolytica ba ya wuce huɗu, na Entamoeba coli wadda ba ta cutarwa yana kai takwas. Akwai kuma Entamoeba dispar da ƙullutunta bai bambanta da na histolytica ba ko kaɗan, shi ya sa masu hankali ke rubuta sunayen biyu tare.

Ma'aunin da ke hannunka kyauta shi ne jar ƙwayar jini, faɗinta maikiromita 7 zuwa 8. Bakteriya mai zagaye kusan 1 ce, yis 3 zuwa 6, farar ƙwayar jini ta haura ja. Ƙwan tsutsa kuwa tun a lensin 10 yake cika ido. Na tsargiya, Schistosoma haematobium, yana da tsini a ƙarshensa, kuma an fi samunsa a fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Na mansoni, wanda ke fitowa a bayan gida, tsininsa a gefe yake. Da'ira mai baƙin gefe mai kauri da tsakiya fayau ba ƙwan kowa ba ce, kumfar iska ce.

5. Shafi da kafewa

Idan daga faranti ne, ɗiga ruwa kaɗan, ƙona waya ta yi ja, bari ta huce, ka ɗan taɓa saman tsiro guda ɗaya. Taɓawa aka ce, ba kwasa ba. Dama shi ya yi ɗan gajimare, ka baza. Tsiron ya kasance na awa 18 zuwa 24. Wanda ya tsufa bangonsa ya fara lalacewa, zai ba ka launin ƙarya. Idan audugar ɗaukar mugunya ce, mirgina ta a kan gilashi. Gogawa da ƙarfi yana fasa fararen ƙwayoyin jini ya kuma tarwatsa jerin da ka zo gani.

Bar shi ya bushe da kansa, a inuwa, a rufe. A hunturu ƙura tana sauka a kai ta zama ɗige-ɗige, a damina kuma ƙudaje suna lashe shafin. Sai ya bushe sarai ake kafe shi: a ratsa bayan gilashin ta saman harshen wuta sau uku, da sauri. Ɗora shi a bayan hannunka; ɗumi ya kamata ka ji, idan ya ƙone ka to ka dafa halittun, siffarsu ta canza. Ga mugunya da ruwan ƙashin baya, ni na fi son metanol na minti ɗaya zuwa biyu, domin yana barin fararen ƙwayoyin yadda suke.

Hattara: kafewa ba kashewa ba ne. Ƙwayar tarin fuka da masu ƙunshin ɓuya (ɓawo mai tauri da wasu bakteriya ke ɓuya a ciki) suna iya tsira, don haka safar hannu tana nan har ƙarshe.

6. Rinin Gram

Ɗora gilashin a kwance a kan mazubin ruwa. Rufe shafin da kiristal bayolet na minti ɗaya, ka ɗauraye. Rufe da aidin na minti ɗaya, ka ɗauraye. Wanke da asiton ko barasa. Ɗauraye nan take. Rufe da safranin na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ka ɗauraye, ka jingina ya bushe. Ruwan ɗauraya ya sauka a saman gilashin ya gangaro, kada ya daki shafin kai tsaye.

A takarda abin ba wuya. Wahalar duk tana mataki na uku. Bakteriya masu bango mai kauri suna riƙe shunayya ko an wanke, su ne Gram fozitif. Masu siririn bango suna sakinta, sai su karɓi jan safranin su fito ruwan hoda, su ne Gram negatif. To amma mai kaurin ma idan aka matsa mata da wanki za ta saki, siririyar kuma idan ba a wanke sosai ba za ta riƙe. Kenan da hannunka kana iya mayar da kowacce kishiyarta.

Karkata gilashin, ka riƙa ɗiga mai wankin kana kallon abin da ke gangarowa. Da zarar shunayya ta daina zuba, tsaya, ruwa ya biyo baya ba jira. Asiton zalla daƙiƙa 2 zuwa 3 ya gama aikinsa. Barasa mai kashi 95 tana ɗaukar daƙiƙa 10 zuwa 20. Haɗin biyun yana tsakani. Karanta abin da ke jikin kwalbar, domin mai ƙirga ashirin da asiton a hannu ya riga ya wanke komai. Kwalbar ruwa ta kasance a ɗaya hannun tun kafin ka fara, ba sai ka ɗiga ba ka fara neman inda ka ajiye ta.

Yaya za ka san ka yi daidai? Hanya biyu. Duk ranar da za a yi rini, ko aka buɗe sabuwar kwalba, a rina gilashin gwaji mai haɗe da Staphylococcus aureus da Escherichia coli. Na farko ya fito shunayya, na biyu ruwan hoda. Sannan a mugunya akwai shaida a cikin gida: cibiyoyin fararen ƙwayoyin jini ja ya kamata su zama. Idan shuɗi ne, wankin bai kai ba, ko shafin ya yi kauri, kuma duk abin da ka karanta a wurin babu tabbas. Sake wani ya fi sauƙi a kan yin gardama da likita gobe.

Idan kana ganin tsinke-tsinke masu kaifi ko ɗige marasa tsari ko'ina, rinin ne ya yi laka. Tace shi da takardar tacewa.

7. Karanta abin da ke gabanka

Fara da lensin 10 ka nemi inda shafin ya yi siriri, ƙwayoyin ba su hau juna ba. Nan za ka ɗiga mai ka juya zuwa 100. Tambayoyin a jere suke: wane launi, wace siffa, wane jeri, kuma suna cikin fararen ƙwayoyin jini ko suna waje. Kada ka yanke hukunci da fili ɗaya. Zagaya aƙalla goma zuwa ashirin.

Masu zagaye shunayya da suka taru tsibi-tsibi, dangin Staphylococcus ne, su aka fi gani a maruru. Idan sun jeru kamar carbi, dangin Streptococcus ne. Idan bibbiyu ne, kowacce da ɗan tsini a waje, wani lokaci da farin fili kewaye da su, zargi ya tafi kan Streptococcus pneumoniae.

Masu zagaye ruwan hoda bibbiyu, masu siffar ƙoda suna fuskantar juna, cunkushe cikin farar ƙwayar jini, Neisseria ce. A ruwan gaban namiji wannan ciwon sanyi ne. A ruwan ƙashin baya kuwa sanƙarau ne, kuma mu da ke Arewacin Najeriya da Nijar muna tsakiyar yankin da yake tashi duk rani. Irin wannan samfur ba a sa shi a firji, ba a kuma ajiye shi sai an gama wasu. A juya shi a injin tace laka, a rina lakar, abin da aka gani kuma a kira likita a gaya masa kafin takarda ta iso. Lura da cewa Neisseria tana da taurin sakin shunayya, don haka a duba shaidar fararen ƙwayoyin kafin a kira ta fozitif.

Sanduna shunayya manya, wasu da farin gurbi a ciki inda rini bai shiga ba, Bacillus ne ko Clostridium. Gurbin ƙunshin ɓuya ne. Idan yana can ƙarshen sanda ya kumbura ta, siffar Clostridium tetani kenan, mai haddasa tetanus. Sanduna sirara masu kumburin kai ɗaya da suka jingina da juna kamar V ko L, dangin Corynebacterium ne, wanda ƙwayar mashaƙo take cikinsa. Tun da mashaƙo ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 kowa ya san sunan, amma akwai danginta marasa cutarwa a fata da maƙogwaron mai lafiya, siffarsu ɗaya. Madubi ba zai raba su ba, sai shuka da gwajin guba.

Sanduna ruwan hoda su ne inda ya kamata mutum ya fi kame bakinsa. Escherichia coli da Salmonella (dangin ƙwayar taifod) da Klebsiella da Proteus duk kusan abu ɗaya suke a ido. Wanda ya ce ya leƙa ya ga taifod, faɗa kawai yake. Idan sandar ta lanƙwashe kamar waƙafi ana zargin Vibrio. Idan gajeriya ce ƙwarai har ta kusa zama ɗigo, Haemophilus.

Abin da ya fi bakteriya girma sau da yawa, mai siffar ƙwai, shunayya mai duhu, da ɗan toho a gefe, yis ne, galibi Candida. Masu murɗe-murɗe irin Treponema sun yi siririn da Gram ba ya nuna su. Madubi mai duhun fili ake yi musu.

8. Idan Gram ya gaza: ZN

Bangon ƙwayar tarin fuka cike yake da kitse, rinin Gram ba ya ratsa shi. Yi shafin kaki a sabon gilashi, a wuri mai iska, da takunkumi a fuska, ka zaɓi sashe mai kauri ba yawu ba. Rufe da kabol fuksin, ɗumama ta ƙasa har tururi ya tashi, kada ya tafasa kada kuma ya bushe, ka bar shi minti 5 zuwa 10 gwargwadon ƙarfin rinin. Wanke da asid na salfa kashi 25 ko barasa mai asid kashi 3, kusan minti 3. Rufe da metilin bulu na minti ɗaya. Abin nema siraran sanduna ne ja a kan shuɗin fili.

Ba a cewa babu sai an duba fili 100. Idan 1 zuwa 9 aka gani a cikinsu, adadin ake rubutawa. 10 zuwa 99, 1+. 1 zuwa 10 a kowane fili, 2+. Fiye da haka, 3+. Yanzu na'urar GeneXpert, mai gano ƙwayar halittar cutar a kaki, ce kan gaba wajen gano cutar, amma bibiyar mai shan magani har yau da madubi ake yi.

Hattara: tsohon gilashi mai ƙarzuwa yana riƙe jan rini a layukan, su fito tamkar sanduna. Sannan a goge lensi bayan kowane gilashi mai ɗauke da su, domin mai yana iya kwaso su ya sauke a na wani.

9. Fangas da jini, a taƙaice

Ga makero, kankaro gefen tabon ba tsakiyarsa ba. Ɗiga KOH, rufe, jira minti 15 zuwa 20 fatar ta narke. Farce ya fi haka jimawa, kuma kashi 20 ya fi masa. Rage haske, ka nemi zare mai rassa da shinge-shinge a ciki, wanda ke ratsa iyakar ƙwayoyin fata bai bi ta ba. Zaren auduga ba shi da shinge, kaurinsa kuma ba daidai ba ne. Ƙyasbi kuwa gajerun zare ne gauraye da tarin yis. Idan fumfuna ce ta tsiro a faranti, manna salatif a samanta ka ɗora a kan ɗigon laktofenol mai shuɗi: Aspergillus zarensa da shinge, kansa kumburarre da jerin iri, Rhizopus zarensa faffaɗa kusan ba shinge, irinsa a cikin jaka.

A jini, siririn shafi ake kafewa da metanol, mai kauri ba a kafe shi, kuma ko tururin metanol ya same shi ya lalace. Giemsa kashi 10 na minti 10, a ruwa mai pH 7.2. Zobba ƙanana, wani lokaci biyu a ƙwayar jini ɗaya, tare da mai lanƙwasa irin jinjirin wata, Plasmodium falciparum ke nan, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro wadda ta fi yawa a nan.

10. Rubuta, sannan ka tsabtace

Rubuta abin da ka gani da yawansa, ba sunan da kake zato ba. Misali: fararen ƙwayoyin jini da yawa, masu zagaye Gram fozitif a tsibi da yawa, sanduna Gram negatif kaɗan. Suna sai bayan shuka da sauran gwaje-gwaje. Idan kaki ne ka ga manyan ƙwayoyin fatar baki sun cika fili fararen ƙwayoyi kuma babu, yawu aka kawo maka. Faɗi haka, ka nemi wani.

Goge man lensi da takardarsa kafin ka tashi, ba da tishu ko gefen riga ba. Zailin, sinadarin narkar da mai, yana cin gam ɗin da ya riƙe lensi, don haka a nisance shi sai in mai ya riga ya daskare, shi ma ɗan kaɗan. Mayar da lensin 10 tsakiya, kashe fitila, rufe madubin. A hunturu murfin ƙura ya wadatar. A damina kuwa leda tana tara laima har fumfuna ta tsiro a cikin lensi, don haka a sa shi a akwatinsa tare da silika jel mai shanye laima, a riƙa busar da ita duk lokacin da launinta ya juya.